Ranar da Na Ƙi Tashi Daga Tabarma

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Ni ce Fatime Goni ta unguwar Hausare a Garwa, matar marigayi Malam Oumar mai gyaran keken ɗinki. Da hannuna nake rubuta wannan takarda, ina cikin hankalina, babu wanda ya matsa mini, babu wanda ya raɗa mini abin da zan faɗa. Allurar da ke sa ni surutai ma na roƙi nas ta dakata da ita sai na gama. Malam Abdulhalim, limamin masallacin layinmu, da Madam Christelle, mataimakiyata a ƙungiya, su za su sa hannu a ƙasa. Da Hausa na rubuta, domin Faransancina na cinikin kasuwa ne, ba zai ɗauki abin da ke raina ba.

Takardar ta 'ya'yana uku ce: Hawa'u babba da ke koyarwa a Gider, Ammar da ke Maruwa, da Hafsa auta da ke nan kusa da ni.

Kada ku yaudari kanku, ni ma ban yaudari kaina ba. Shekara ashirin da bakwai ina zaman jinya a asibiti, na san yadda tafiya ke farawa. Ƙafafuna sun kumbura har gwiwa, likita ya daina hana ni gishiri, nas ɗin da ke yi mini faɗa ta koma yi mini magana a hankali kamar ana lallashin jariri. Ban ji tsoro ƙwarai ba. Abin da ke cina shi ne yau sati biyar ina kwance, daga Gider zuwa nan tafiyar awa biyu ce a mota, kuma Hawa'u ba ta zo ba. Ba don in kai ƙararta nake faɗa ba. Tana da dalili, kuma kafin takardar nan ta ƙare za ku ji cewa dalilinta ya fi yadda ita kanta ta sani.

Na ɗaya. A yi mini sutura da wuri, kada a ajiye ni ana jiran na nesa. Likkafanina yana ƙasan akwatin ƙarfe, na ɗinka shi da kaina shekara shida da suka wuce. Goggonku da Hafsa su yi mini wanka. Ba na son rumfa da kujerun haya da abin magana. Na ga zaman makokin da ya koma gasar shinkafa, ina roƙonku kada ku mayar da ni haka. Akwai ramuwar azumi goma sha ɗaya a kaina, na bara da ciwo ya kayar da ni. Ku tambayi Malam Abdulhalim yadda za a sauke mini su.

Na biyu. Gida da fili na bakin Binuwai da 'yan kayan ɗakina, a raba su yadda Allah ya raba. Ba ni da ikon ƙara wa wani ko rage wa wani, kuma ko da ina da shi ba zan yi ba. Ammar, rabonka ya fi na kowace cikinsu, to ka sani nauyin ma haka yake. Kada ka sayar da gidan kana Maruwa ta wayar tarho. Ka zo, ku zauna ku uku a tsakar gida, ku kalli juna, sannan ku yanke. Babbar tukunyar nan mai kunne ɗaya ba tamu ba ce, ta Inna Ni'imatullahi ce maƙwabciyarmu. Na aro ta tun sunan ɗan fari na Hafsa, yaron yanzu har ya shiga makaranta, ita ta ji kunyar tambaya, ni kuma na ji daɗin tukunyar. A mayar mata, a ba ta haƙuri.

Na uku. Daga sulusin da shari'a ta bar mini, na ba ƙungiyarmu shagon da ke jikin zaure. A nan tabarmi suke, da kuloli da bokitai da butoci da zannuwan gado. Malam Abdulhalim ya kimanta, ya ce shagon bai kai sulusi ba. Muddin ƙungiyar tana aiki, kada wani a cikinku ya ce zai sa mata haya ko ya canza kwaɗo.

Ku kun tashi kun tarar da ƙungiyar nan kamar yadda kuka tarar da rijiyar gida, ba ku taɓa tambayar yadda ta faro ba. Ranar da na haifi Hafsar farko, wadda ba ta zauna ba, akwai wata mata a gadon da ke kusa da nawa, an kawo ta daga wajen Rey Bouba, wanda ya kawo ta ya ce zai je ya dawo. Kun san asibitinmu, magani na likita ne, amma abinci da wanki da juya mara lafiya na danginsa ne. Kwana uku matar nan babu wanda ya miƙa mata ko ruwa sai abin da muka rage. Christelle a lokacin tana jinyar surukarta a ɗakin, ita ta fara wanke mata zane. Da muka fita muka tara mata bakwai, muka sa wa kanmu suna Kawtal Zumunta, rabi Fulatanci rabi Hausa, don kada kowa ya ce ba da shi ba. Aikinmu ɗaya ne: duk mara lafiyar da ba ta da mai jinya, mu ne danginta. Mu shimfiɗa tabarma a gefen gadonta, mu yi karɓa-karɓa, har ta warke ko mu raka ta.

Mun ji daɗin juna, ba zan ɓoye ba. Ranar Lahadi da Kirsimeti mu Musulmi muke riƙe tabarma, ranar Sallah da yammacin azumi su Christelle suke riƙewa. Christelle ta iya kalmar shahada fiye da wasu da na sani, don ta tsaya a kan mata da yawa tana kiran a zo a laƙƙana musu. Ni kuma na san lambar wayar fada ɗinsu, limamin cocinsu, da ka. Mun kai mu arba'in da ɗaya. Yau masu zama tabarma tara ne, ƙaramarmu ta haura hamsin. Idan za a fitar da ankon takwas ga Maris, ranar mata ta duniya, sai ku ga mata sittin sun zo auna zane. Idan aka ce akwai mai gudawa a ɗaki na biyu, sai waya ta cika da hotunan addu'a da tafin hannu, tabarma kuwa babu kowa. Ina baƙin cikin wannan ƙwarai, kuma na san da hannuna a ciki.

Na huɗu, kuma Hafsa, da ke nake. Na ji ana cewa idan na tafi ke za ki hau kujerata, har wasu sun fara kiranki ƙaramar shugaba kina murmushi. Ban yarda ba. Ƙungiya ba gado ba ce, ba ta cikin abin da Malam zai raba. Kin iya magana a taro, kin iya rubuta wasiƙa da Faransanci mai kyau, amma sau nawa kika zubar da fo na wadda ba ki sani ba? Na ƙirga, sau biyu ne, kuma na biyun kin ɗaure hanci da gyale har matar ta yi kuka. Ki zauna tabarma shekara biyar tukuna. Hatimi da takardar izini ta ofishin furefe, wakilin gwamnati a yankinmu, suna cikin jakar fata a ƙarƙashin matashina, ki miƙa su ga Christelle a gaban kowa, ta riƙe har a yi zaɓe. Duk wadda ta ce miki Kirista ba za ta shugabanci Kawtal ba, ki tambaye ta inda take ranar da Christelle ta cire zanen jikinta ta rufe gawar wata Hajiya da 'ya'yanta suka ƙi zuwa.

Ki gaya wa 'yan ƙungiya kuma, daga bakina, kada su sake barin mutum ɗaya a kujera fiye da shekara uku. Ni na yi ashirin da bakwai. Duk zaɓe sai in ce na gaji, su ce wa zai iya in ba Mama ba, ni kuma in sunkuyar da kai in karɓa, alhali tun a gida na san abin da za su ce, da ba su ce ba ma da na yi fushi. Matan da suka iya aiki sun jira har suka gaji suka tafi. Christelle kaɗai ta zauna, ita ma haƙurinta ne ya yi yawa.

Na biyar. A nemo Larissa, wadda ke sayar da kifi a kasuwar bakin gada, a ce Fatime tana roƙon gafararta. Ga abin da ya faru. Dokarmu ta farko, wadda ni na kawo ta kuma nake alfahari da ita, ita ce ba a tashi daga tabarma sai mai karɓa ta zo ta zauna. Wata rana aka aiko wa Larissa cewa 'yarta tana zazzaɓi har tana fizge-fizge, ta tashi ta tafi saura awa ɗaya a karɓe ta. A taron Asabar na tsayar da ita a gaban mata talatin. Na ce kowa a nan tana da gida, kowa tana da 'ya'ya, wadda gidanta ya fi mata amana ta zauna a gidan. Na ce ni ko gobara aka ce ta tashi a ɗakina ba zan bar tabarma ba. Aka tafa mini. Larissa ta ɗauki jakarta, ba ta sake dawowa ba. A ce mata ita ce ta yi daidai. A kuma gyara dokar, a rubuta cewa wadda gidanta ya kira ta, ta damƙa mara lafiya ga mai jinyar gado na kusa, ta tafi, babu mai tuhumarta.

Na shida. Wannan shi ne dalilin takardar, sauran duk da baki ma zan iya faɗa. Hawa'u, ki karanta shi da kanki, kada ki bari a karanta miki.

Kwana tara bayan abin da na yi wa Larissa, ranar Litinin, ina kan tabarma wajen wata yarinya da ta ƙone a ƙafa. Babanku ya dawo daga shago da azahar yana riƙe da ƙirji. Ke kaɗai ce babba a gida, shekararki goma sha shida, Ammar yana makaranta, Hafsa tana wasa a ƙofa. Waya ba ta yawaita ba a lokacin, sai kika aiki Baffa Bukar, ƙanen babanku, a kan babur ya kira ni. Ban zo ba. Kika riƙe kan babanku a cinyarki, ya tambaye ni sau biyu, kina ce masa tana hanya. Ya cika kafin la'asar. Na iso na tarar an riga an rufe masa fuska.

Tun ranar, duk lokacin da maganar ta taso, amsata ɗaya ce: na tambayi Bukar yaya jikin, ya ce da sauƙi, ina zan sani? Shekara goma sha takwas ina faɗin haka. Na faɗa miki, na faɗa wa dangin babanku, na faɗa har na kusa yarda. Ke kuma kika raba fushinki biyu, rabi a kaina, rabi a kan Baffanki, wanda ba ki sake taka ƙofar gidansa ba, ko ranar aurenki ba ki yarda ya zama waliyyinki ba sai da aka yi ta roƙo.

Gaskiya ne ya ce da sauƙi. To amma me Bahaushe zai ce? Ko ran mutum yana maƙogwaro, in ka tambayi ɗan'uwansa, da sauƙi zai ce maka. Ni kaina na faɗi kalmar nan ga mutane fiye da ɗari a bakin ƙofar ɗaki, ina sane cewa wadda ke ciki ba za ta ga magariba ba. Babu wanda ya fi ni sanin cewa ba a sauraron kalmar, mai faɗinta ake kallo. Kuma na kalli Bukar. Ya shigo babu hula, mutumin da ko shara ba ya fita zubarwa da kai a buɗe. Bai gaishe ni ba. Ya bar babur a kunne a bakin ƙofa, ina jin ƙararsa daga inda nake. Da na tambaye shi, ƙasa ya kalla. Hawa'u, na sani. Tun kafin ya buɗe baki na san babanku tafiya yake yi.

Akwai 'yan ƙungiya biyu a ɗakin, cikin waɗanda suka tafa mini ranar Asabar. Na ji idonsu a kaina. Yarinyar da nake jinya tana zaune tana shan kununta da hannunta, ba ta bukatar komai. Mai jinyar gado na kusa da na saba bar wa ita in je salla tana nan. Saura awa biyu Christelle ta zo, kuma ta zo a kan lokaci, ba ta makara ko minti ɗaya ba. Abin da zan yi kawai shi ne in miƙe in ɗauki mayafina. Sai na tuna maganar gobara, na tuna Larissa za ta ji. Na ce wa Bukar, “Tunda da sauƙi, ka je, ina nan tafe in an karɓe ni.” Ya tsaya yana kallona, ya ƙara cewa in dai daure in zo, na ce na ji. Ya juya ya tafi.

Ba amana ce ta zaunar da ni ba, ba tausayi ba ne, ba rashin sani ba ne. Kunyar a ce shugaba ta karya dokarta ce ta zaunar da ni. Saboda ita na bar mijina ya yi ta kirana, na bar ki ke kaɗai da abin da ya fi ƙarfin shekarunki, sannan na ɗora wa Bukar laifin. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa tona ni ba. Sau ɗaya ya zo bayan arba'in, ya zauna a zaure ya daɗe, na ɗauka zai yi magana, sai ya ce ya zo duba ko akwai abin da yara ke bukata.

Tun daga ranar ba ki sake ce mini Dada ba. Hajiya kike ce mini, kamar matar da kika haɗu da ita a mota. Kina aiko da atamfa da Sallah, kina aiko da kuɗin magani ta hannun Ammar, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙin ɗauka. Na karɓi lambobin yabo uku saboda aikin jinya, suna rataye a ɗakina, kuma duk ranar da aka kira ni uwar marasa uwa a taro sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. A cire su daga bango, Hafsa ta ba Christelle ta ajiye a shago in tana so.

Don haka ga abin da nake nema. Ki je gidan Baffa Bukar ki gaishe shi, ko ina raye ko ba na raye. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya tafi, kuma har yau yana tambayar 'ya'yanki da sunayensu. Ba shi da laifi ko kaɗan. Ammar, kai ka raka ta, ka karanta masa wannan sashe da Hausa ko da Fulatanci, yadda zai fi ji.

Na bakwai. Ammar da Hafsa, na san Hawa'u tana kiranku kullum bayan an tashi makaranta tana tambayar jikina. Hafsa ta ɗauka ban ji ba, ina ji, kunnena bai mutu ba. Na kuma san abin da kuke ce mata, don abin da na koya muku ne. Na hana ku daga yau. Kada wanda ya sake ce mata da sauƙi. Ku gaya mata ƙafafu sun kumbura, abinci ba ya zama, likita ya kira Ammar gefe ya yi masa magana. Ni an ba ni kalmar da zan ɓuya a bayanta, na ɓuya, kuma na ga abin da ta yi mini. Ba na so 'yata ta wayi gari da irin wannan mafaka, ta yi shekaru tana faɗa wa kanta ba ta sani ba. In za ta zo, ta zo da sani. In ba za ta zo ba, hakkinta ne, kuma na yafe mata tun yanzu, duniya da lahira, kada wani ya taɓa goranta mata bayan raina. Wannan takarda kada a jira mutuwata, Ammar ya kai mata Gider gobe da safe, ya sa a hannunta.

Ku ukun nan, ba ku da kowa da ya fi ku kusa da juna. Na kwashe ƙuruciyata ina zama 'yar'uwar mutanen da ban san sunan kakansu ba, ban yi nadamar wannan ba, aiki ne mai kyau, ku taimaka masa da abin da za ku iya. Amma idan ɗayanku ya kira, ku tashi. Ko kuna taro, ko kuna kan kujera, ko duk garin yana kallonku, ku tashi ku tafi, a yi maganar daga baya. Ammar, ka riƙa zuwa Gider ba sai da dalili ba. Hafsa, ki rage baki a kan yayarki, ba ki san abin da ta gani ba, kina wasa a ƙofa lokacin. Ku haɗa 'ya'yanku a gidan nan ko sau ɗaya a shekara, su san juna tun suna ƙanana.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku, ya sa kada ɗayanku ya kwanta ciwo a rasa mai zama kusa da shi. Allah ya jiƙan Malam Oumar, ya sa ya yafe mini. Allah ya raya Kawtal Zumunta a hannun waɗanda suka fi ni. Na yafe wa duk wanda ya saɓa mini, ina roƙon duk wanda na saɓa wa ya yafe mini. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu Manzonsa ne.

Hawa'u, babu sauƙi. Ina ɗakin mata na huɗu, gadon da ke jikin taga. In kin zo ba sai kin ce komai ba, kuma ba sai kin kira ni Dada ba. Ki zauna kawai inda zan gan ki.

Mahaifiyarku,
Fatime Goni
Garwa